Minti Talatin da Huɗu a Ƙirjin Inna

Sau goma sha ɗaya na gasa kek ɗin Inna, sau goma sha ɗaya kaji suka ci. Na bakwai ma kajin shinshinawa kawai suka yi suka wuce, wallahi har zakaran ya waiwayo ya dube ni.

Ni ce Zulai, 'yar farin Inna. Ina aure a Gummi, ita tana gida a Anka. Duk wanda ya taɓa halartar suna ko biki a danginmu ya san kek ɗinta na gwangwanin madara. Ba ta da na'urar gashi, ba ta taɓa sha'awar ta ba. Wata tsohuwar tukunyar ƙarfe ce da ita mai kunne ɗaya, ta zuba mata yashin gulbi, ta jera gwangwanayen a kai, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi. Abin da ke fitowa daga tukunyar nan, jama'a, in kika gutsira sai kin lumshe ido. Akwai matan da ke zuwa sunanmu ba don jariri ba.

To sai likita ya ce yanar da ke idon Inna ta isa aiki, kuma daga yanzu ita da hayaƙi sai dai labari. A daidai lokacin ƙanwata Khairat, autarmu da ke aure a Bukkuyum, ta dawo gida haihuwar fari. Inna ta sa Khairat ta kira ni, ta karɓi wayar.

"Ke wance," ta ce. Haka take kirana tun da na buɗe ido a duniya. Kunyar 'yar fari ce: ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta yabona a gaban mutane, in ma na yi abin kirki sai ta kalli bango. "Kek na sunan ga shi na na ƙarshe gare ni. Ranar da Khairat ta yi arba'in ki zo ki gasa a gabana. In kin iya, tukunya taki ta. In ba ki iya ba, awakina na buƙatar abin shan ruwa."

Awaki! Tukunyar da ta girme ni! Kuma duk wanda ya san Inna ya san ba barazana take ba. Na ce ko ni ko awakin nan.

Matsalar ita ce Inna ba ta san awo ba. In na tambaye ta fulawa nawa, sai ta ce, "Daidai." Sukari fa? "Kada shi yi yawa." Minti nawa a wuta? "Har shi nuna mana, ke wace irin ɗiya ce?" Da irin wannan bayani na yi gashi goma sha ɗaya. Shi ya sa na yanke shawara wannan karon komai sai na rubuta shi, a waya kuma, don littafin da na fara rubutu a ciki man shanu ya jiƙe shi har shafukan sun manne.

Nan fa masu ba da shawara suka taso. Maigidana Malam Lirwanu malamin lissafi ne a sakandare, mutumin da ko cefane zai aika sai ya ja layi da rula. Ya karɓi wayata ya zana mini jadawali mai gida goma sha huɗu: kwanan wata, nauyin fulawa, nauyin sukari, yawan ƙwai, irin gawayi, har da wani gida wai "yanayin iska". Na ce, "Malam, kek zan gasa ko jirgi zan tuƙa?" Ya ce ilimi ba ya son garaje. Ya aro mini sikeli ƙarami mai batir daga wani abokinsa, ya ce in riƙe shi kamar ƙwai.

Khairat kuwa, da cikinta haihuwa yau ko gobe, ta turo mini wata manhaja ta masu gashi. Kyakkyawa, ruwan hoda, in kin buɗe har wani ɗan ƙararrawa take yi. Na yi ta murna ina nuna wa maƙwabta. Tambayarta ta farko: digiri nawa ne zafin na'urar gashinki? Na dubi kurfotina, na dubi waya. Na rubuta "gawayin kirya". Ta ƙi karɓa, wai lamba take so. Na rubuta ɗari. Ta ce kek ba zai nuna ba. Na ce to uwata ce ke, da kika san ba zai nuna ba? Ta kuma nemi data, ta nemi sabis, a kicin ɗina kuwa sabis sai na taka turmi na ɗaga hannu sama.

Ni a raina saƙon murya na Watsaf ya fi mini sauƙi, don bakina ya fi yatsuna sauri. Malam ya ce ai wannan ba ajiyar bayani ba ne, surutu ne. Khairat ta ce ƙauyanci ne. Na bar su a kan nasu, na shirya tafiya da jadawali da manhaja da sikeli gaba ɗaya.

Khairat ta haifi namiji. Ana gobe suna na shiga motar safe, kafin azahar ina Anka. Ko mayafi ban gama cirewa ba na dasa sikeli a tsakar gida. Inna ta kare ido da hannu ta leƙa shi.

"Wanga na masu awon zinari na? Mi za ki auna?"

"Fulawarki, Inna."

"Ikon Allah. Ilimi ya yi yawa."

Amma ta bari. Duk abin da ta ɗebo da hannu sai na tare da kwano na ɗora a sikeli kafin ya shiga kwaɓi. Fulawa, sukari, man shanun da wata Bafulatana ke kawo mata tun muna yara, ƙwan zabi takwas, kindirmo ludayi biyu, bakar hoda, gyaɗar ƙamshi da ta kankare da wuƙa. Ina cika gidajen jadawali ɗaya bayan ɗaya, daɗi kamar ya kashe ni. Har rawa na taka da kwanon ƙwai a hannu, Khairat na leƙowa ta taga tana dariya tana riƙe ciki, tana roƙona in bari don ɗinkin da aka yi mata wajen haihuwa.

Da aka zo ɗora tukunya sai na ga jadawalin Malam ba shi da gidan ƙwan zabi, na kaza kawai ya sani. Na danna saƙon murya na kulle shi don hannuna ya huta, na fara: "Malam, wai kai da ka ce ka yi tunanin komai..."

Sai ji na yi an fizge wayar. Inna ce. Ta cusa ta cikin rigarta, nan wajen da take ajiye goro da 'yan canji.

"Ba a yi mini surutu bisa wuta. Kin sani tun kina yarinya. Tahi ɗaka."

"Inna, ai lokacin nake so in auna!"

"Tahi, na ce."

Gaskiya ne, na sani. Tun muna ƙanana in ta rufe tukunyar nan kowa sai ya bar wurin. Daga nesa muke hango ta a kan kujerar tsugunno, leɓɓanta na motsi, mu ce Inna na tasbihi. Na shige ɗakin mai jego ina huci kamar kububuwa, na kafa wa agogon bango ido. Da ƙamshi ya cika gida ta kira ni, na ga an ci rabin awa da 'yan mintuna. Ta miƙo mini wayar da ɗumin jikinta, na ga wani abu na ƙyafta ja a fuskar, na danna kawai don ya bar ni, na rubuta "rabin awa" a gidan lokaci. Kek ya fito kamar kullum. Washegari mata suka yi ta wawaso, wata gwaggonmu ta ƙulle huɗu a bakin zani tana cewa na jikoki ne, alhali jikokinta suna Sakkwato.

Na koma Gummi da ƙafar dama. Ga awo daidai har giram, ga lokaci. Na ɗebo yashin gulbi, na wanke, na shanya. Na gayyaci maƙwabciyata ta zo ta ga abin mamaki. Gashi na goma sha biyu: sama ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa kunu. Maƙwabciya ta ce, "Ai ƙamshin ya yi," ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Na goma sha uku na rage garwashi. Ya fito fari fat, ya zauna a gwangwani ya ƙi tashi, kamar an yi masa rasuwa. Na buɗe manhajar nan na rubuta mata abin da ya faru, ta ba ni taurari biyu ta ce in sake gwadawa. Na goge ta daga wayar nan take, na ji sanyi a raina. Saura kwana goma sha tara arba'in, kuma Khairat ta turo mini hoton akuyar Inna tana leƙa tukunyar. Wai wasa take.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne Malam. Tun da na dawo daga Anka mutumin nan ya zama wani iri. Yau tsire, gobe kilishi, jibi ya ce in huta shi zai ɗebo ruwa. In na ɗaga murya kaɗan sai ya ce, "Gaskiyarki ne." Malam Lirwanu, wanda zai yi gardama da kai a kan ko yau Talata ce! Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da ya shigo da atamfa ba sallah ba biki, na tare ƙofa.

"Malam, faɗa mini abin da ka yi."

"Ni? Ai ke zan tambaya abin da na yi."

"Kamar yaya?"

Ya ciro wayarsa a hankali ya nuna mini. Saƙon murya daga gare ni, ranar jajibirin suna. Minti talatin da huɗu. Bai saurara har ƙarshe ba.

"Na ji farkonsa ta sama," ya ce, "kin ce wai ni da na ce na yi tunanin komai. Na ga tsawonsa. Zulai, faɗan minti talatin da huɗu ai sai mutum ya shirya. Na ce bari in fara biyan diyya tukuna."

Na yi dariya har na zame na zauna a dokin ƙofa. Na yi dariya har hawaye, shi kuma yana tsaye da atamfa yana tambaya ko a mayar wa mai shago. Na ce ko kusa, diyya ta karɓu. Sai da na lafa tunanin ya faɗo mini: ni dai ban yi maganar minti talatin da huɗu ba. Wayar tana rigar Inna.

Muka zauna a inuwar darbejiya muka kunna. Ga muryata, ga faɗan Inna, ga takun tafiyata. Sai ƙarar murfi, ƙwaram. Sai numfashinta kusa-kusa, har ana jin sarƙarta na gogar waya. Sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa.

Ba tasbihi ba ne. Mutane take kira.

Ta fara da iyayenta, Allah shi jiƙan su, shi haskaka makwancinsu. Ta zo kan marigayi Babanmu, ta daɗe a kansa, har tana ba shi labarin an yi masa jika. Tana gamawa sai ga ƙarar cokali tana kwashe garwashi daga ƙasa tana mayarwa kan murfi. Na dafe hannun Malam. Ta kama Khairat da jaririnta, sai ƙarar murfi, sai ƙarar gwangwanaye tana juya su ɗaya-ɗaya. Ta kama ƙanena Mas'ud da matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da sunansa da abin da take roƙa masa, har da mai fitsarin kwance. A nan ta yi fifita sau uku. Ta kama ɗaya ƙanen nawa Sufyanu da ke kan babur kullum tsakanin Anka da ƙauyuka, Allah shi tsare mata shi da sharrin hanya. Sai ta kwashe garwashin murfi gaba ɗaya.

Malam ya zabura ya ɗauko biro. "Wannan ai jadawali ne! Minti tara, a mayar da wuta sama! Minti goma sha huɗu, a juya!" Ni ma ina ta tsalle a zaune ina cewa mun kama ta, mun kama tsohuwa, awaki sun yi asara.

Sai muka ji ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Zulaihatu."

Na ce Malam ya tsayar. Na ce ya mayar baya. Ya mayar. "Zulaihatu." Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ashe haka take faɗinsa, tana ɗan jan ƙarshen.

"Zulaihatu, ɗiyata ta hwari. Allah ka san ba ni iya hwaɗi gabanta. Ka sanyaya mata zuciya, ta cika hushi, ni ta biyo. Ka ba ta haƙuri da mijinta, shi ma ka ba shi haƙuri da ita, don ya hi buƙata." Malam ya ce amin da ƙarfi, na kai masa duka a kafaɗa ina kuka. Ta yi ta yi. Ta tuna zazzaɓin da na yi ina shekara uku, wanda ni ban ma sani ba. Ta roƙa mini abin da ni kaina na gaji da roƙo, na bar wa Allah. Minti bakwai cur a kaina, babu wuta a sama, sai zafin yashi kawai. Sannan ta ce amin, murfi ya yi ƙara, ta ɗaga murya: "Ke wance! Zo ki kwashe."

Ranar ban iya gashi ba. Washegari na jingina waya a bakin murhu na kunna, na bi ta tiryan-tiryan. Inda ta kwashe wuta na kwashe, inda ta juya na juya. Na soka tsinke ya fito tas. Na gutsira. Jama'a, na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya wa ya haihu! Na bi gida-gida da faranti. Kaji suka biyo ni, na ce yau kam sai dai ku ji a salansa.

Daga nan na zaɓi abin ajiyata, ba wanda ya sake ce mini ƙauyanci. Na buɗe zaure a Watsaf ni kaɗai a ciki. Kowane gashi hoto ɗaya, saƙon murya ɗaya. Awon sikeli na bar shi a jadawalin Malam don kada ransa ya ɓaci, kuma gaskiya ya yi amfani. Saƙon Inna kuwa na tura shi wayar Malam, na sa a katin waya, na sa a wani katin na ƙulle a ƙasan akwati.

Ranar arba'in na isa Anka ina taku ɗai-ɗai. Na gaida akuyar da kyau. Na yi kwaɓi, na jera gwangwanaye goma sha biyu a tukunya mai kunne ɗaya, Inna na zaune can nesa da hayaƙi da baƙin tabaran da aka ba ta bayan aiki, Khairat na gefenta da jariri. Na rufe murfi, na ciro waya da abin sa wa a kunne.

"Mi za ki yi da wanga?" in ji Inna.

Bakina da ba ya riƙe magana ya tona ni. Na faɗa mata komai. Khairat ta toshe baki. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwa da jikoki shida, kamar amarya.

"La'ilaha illallahu. Kin ji dut?"

"Duka, Inna."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Sau ashirin da wani abu."

"Marar kunya. Ki goge shi." Sannan ta miƙo hannu. "Kawo nan. Ba da bakina za ki gasa ba. Ke ba ki da mutane?"

Wayar ta sake komawa cikin riga. Ga wuta na ci, ba lokacin gardama. Na zauna a kujerarta na fara. Kakanni, Baba, na mayar da wuta sama. Khairat da ɗanta, na juya. Mas'ud da rundunarsa, na yi fifita. Sufyanu, na haɗa masa da Malam, na kwashe garwashin murfi. Komai na tafiya daidai, har ina jin kaina. Saura minti bakwai na ƙarshe, kuma ba zan yi wa kaina addu'a da bakin Inna ba. Sai na sa ta a wurin.

Na roƙa mata idonta. Na roƙa mata gwiwoyinta. Na tuna shekarun da ta yi tana wannan zama, mu muna ɗaka muna jiran kek, ba mu san mu ake gasawa da shi ba. Na tuna duk ranar da na yi fushi na ce Inna ba ta sona kamar Khairat. Na nemi gafara, na sake nema, na roƙi Allah ya bar mini ita ko da ba za ta taɓa kiran sunana a fili ba. Ban san inda nake ba sai da Khairat ta ƙwala ihu:

"Yaya Zulai, ƙauri!"

Na fizge murfi. Sama lafiya lau, gindin kuwa ya ƙone, duka goma sha biyun. Na juye su a faifai na kai gaban Inna, idona ya kumbura. Akuyar ma ta matso, don ta san rabonta ya tsaga.

Inna ta lalubo ɗaya ta juya shi, ta shinshina gindin. Ta gutsiri saman ta tauna a hankali. Sannan ta gutsiri ƙonannen, ta tauna shi ma.

"Wuta ta yi daidai har kinka kwashe ta sama," ta ce. "Bisa wa ya ƙone?"

Na sunkuyar da kai. "A kanki, Inna."

Ta kalli bango, yadda ta saba. Ta daɗe tana kallonsa. Wani abu ya gangaro ta ƙarƙashin baƙin tabaran, ta ce hayaƙi ne, alhali iska can take kaɗa shi wajen zaure.

"Da jikoki sunka yawaita, nawa ma ya so shi riƙa ƙonewa," ta ce. "Ba a rage mutane. Wuta aka ragewa." Ta ciro wayar daga rigarta ta ajiye mini a cinya, ba ta sake zancen gogewa ba. "Khairat, gaya ma yayarki ta ɗauke tukunyarta kahin yashin shi huce. Ta bar mini ƙonannun, ni ka cin su."